Ranar da Murrabil Ta Miƙe wa Fergus Tsaye

Idan ka tambayi Fergus Tuckwell tarihinsa a waƙa, ka nemi kujera tukuna, domin ba yanzu za ka tashi ba. Zai ce maka ƙungiya biyar ya yi a Melbourne cikin shekara ashirin, kuma duk biyar ɗin shi ya fice don sun kasa bin sawunsa. Abin da ba zai faɗa maka ba shi ne, 'yan ƙungiyar farko makullin ɗakin gwajin waƙa suka sauya. Na biyu sun ce masa sun watse, bayan mako guda ya gan su a dandali da sabon suna da sabon mawaƙi. Na uku kuwa ƙaura suka yi zuwa Hobart gaba ɗayansu, suka sa teku tsakaninsu da shi, kuma ba wanda ya tuna ya bar masa adireshi. Sauran biyun ba sai an tona ba.

Duk sa'ad da aka kore shi, sai ya sanar da duniya cewa ya koma waƙa shi kaɗai, wai don fasaharsa ta sha iska. Faifai biyu ya fitar a haka. Suna nan a kwali ƙarƙashin gadonsa, suna hana katifa lotsawa, wanda shi ne babban amfanin da suka taɓa yi wa ɗan Adam.

Asalinsa ɗan Murrabil ne, garin tumaki, tafiyar awa uku a mota. Ranar da zai bar garin, ya tsaya a tashar bas da jita a kafaɗa, ya dubi mahaifiyarsa Maureen ya ce, "Mama, ba zan sake waƙa a garin nan ba sai ranar da ko tsuntsayensa za su haddace muryata." Ita kuwa ta ce ya tabbata bai manta rigar sanyinsa ba.

Ƙungiyarsa ta shida mutum uku ce: shi, da Marika Stavrou mai kaɗa babbar jita, da Duc Lam makaɗin ganga, wanda in ya yi magana sau uku a yini, to ranar ya cika surutu. Sun jure Fergus shekara biyu saboda dalili ɗaya tak, shi ne mai motar ɗaukar kaya. Suna da waƙa guda mai daɗi ƙwarai, sunanta "Ruwan Laraba". Marika ce ta rubuta ta daga farko har ƙarshe. Fergus ya ƙara mata wani dogon "o-o-o" a tsakiya, daga ranar ta zama "waƙata".

To wannan waƙar ce Glenda Warhurst ta ji a rediyon unguwa. Glenda ita ke zaɓen mawaƙan babban bikin kiɗa da ake yi a kan tsaunuka duk watan Maris, bikin da Fergus ya yi shekara goma sha biyar yana aika wa takarda ba amsa. Gurbi ɗaya ya rage mata. Ta buga waya ta ce ranar Lahadi za ta je Murrabil duba mahaifinta, su zo su yi wasa a kulob ɗin tsofaffin sojoji da ƙarfe biyar na yamma. In abin ya yi mata, gurbin nasu ne.

Sai da suka ci rabin hanya, suka tsaya gidan burodi cin fanken nama, sannan Fergus ya buɗe bayan mota ya yaye wani bargo. Ga wani baƙin akwati mai lasifika, da fitilu, da abin takawa da ƙafa.

"Ku gaisa da magajinku," in ji shi.

Marika ta dubi akwatin, ta dube shi. "Mene ne wannan kuma?"

"Makomar waƙa. In na taka nan, sai ya ɗauki duk sautin da na yi. In na sake takawa, ya dinga maimaitawa. In ɗora tafi, in ɗora jita, in ɗora murya. Mutum ɗaya, ƙarar mutum goma. Ba ya makara, ba ya gardama, ba ya cewa na yi kuskuren sauti."

"Don ba shi da kunne ne."

"Kuma da batirinsa. Ko wutar jihar nan duka ta ɗauke, awa tara yana yi."

"Fergus, matar nan mu uku ta ji a rediyo."

"Ni ta ji. Ku kuna baya kuna ƙwanƙwasa abubuwa. Marika, kada ki ɗauka da zafi, amma gaggafa ba ta tashi sama da kaji biyu a wuya. Daga yau na koma ni kaɗai."

Marika ta goge miyar tumatir daga yatsanta a hankali. "Wato a tsakiyar daji ka kore mu."

"Karo na farko ke nan da ya riga wasu," in ji Duc. Sannan ya nuna wani ɗan littafi da ke manne a jikin akwatin, ko ledarsa ba a ɓare ba. "Ka karanta?"

"Littafi na masu koyo ne, aboki."

Tunda babu bas sai Litinin, haka korarrun suka koma cikin motar wanda ya kore su. Duc ya ɓare ledar littafin ya yi ta karatu har Murrabil, don ba shi da abin yi.

Kulob ɗin yana nan yadda Fergus ya bar shi: jan kafet mai zanen furanni, injinan caca suna ƙiriniya a ɗakin gefe, allon sunayen waɗanda suka tafi yaƙi ba su dawo ba, da 'yar jar fitila a bangon yamma, daidai saman dandali. Zauren ya cika, mutum ya fi ɗari. Fergus ya ce labarinsa ne ya bazu. Gaskiyar magana, Lahadi ce ranar ƙuri'ar nama, inda kowa ke sayen tikiti ko zai ci tiren ɗanyen nama.

Maureen na zaune a teburin gaba da jakarta a cinya. Ta ba shi kunci ya sumbata, ta ƙare masa kallo.

"Ka rame. Wannan hular fa, ta wace ce?"

"Tawa ce, Mama. Haka ake yayi."

"To. Ina abokan naka za su tsaya?"

"Sun zo kallo ne."

"Ayya. Sun kore ka kuma?"

"Ni na kore su!"

"Madalla, ɗan nan, an samu ci gaba."

Bev, matar da ke riƙe da kulob ɗin tun Fergus na cikin gajeren wando, ta zo da makullai a ƙugu. "Ka saurara, ɗana. Biyar da rabi ƙuri'ar nama, za ka tsaya. Ƙarfe shida kuma..."

"Anti Bev, a garin nan aka haife ni. Ba abin da za ki koya mini."

"Haka ka ce ranar da ka afka da babur cikin kwamin wankan tumaki."

Can kusa da taga Glenda na zaune da ɗan littafin rubutu, kusa da mahaifinta, Col Warhurst, tsoho mai shekara tamanin da ɗoriya, lambobin yabo jere a ƙirji. Fergus ya ɗaga mata hula. Ta dubi dandalin, ta dubi Marika da Duc da ke zaune a teburin baya suna cin soyayyen dankali, ta rubuta wani abu.

Ƙarfe biyar ya maƙala 'yar makirufo a kunci ya hau.

"Murrabil! Ɗanki ya dawo!"

"Wa ya aike shi?" in ji wata murya. Wal Driscoll ne, mai askin tumaki, wanda suka yi aji ɗaya a firamare.

"Yau za ku ga mutum ɗaya ya zama ƙungiya."

"Mu dai mun san ƙungiya biyar da suka mayar da kai mutum ɗaya!"

Aka kwashe da dariya. Fergus ya yi murmushin manya, ya taka akwatin, ya fara tafi: ta, ta, tas. Daidai nan wani tsoho a teburin gaba ya saki tari mai zurfi, irin na shekara hamsin ana shan taba. Fergus ya sake takawa. Akwatin ya ce: ta, ta, tas, ƙoho! Ta, ta, tas, ƙoho!

"Wannan da gangan ne," in ji Fergus. "Sautin rayuwa ke nan."

Ya taka zai ɗora jita. Sai injin caca a ɗakin gefe ya ɓarke da kiɗan wanda ya ci, ya shiga ciki. Ya taka zai ɗora murya, sai wani ya ƙwala kira daga wajen abinci: "Bev, ina miyar naman?" Ita ma ta shiga. Kafin minti biyar, abin da ke fita daga lasifika shi ne tafi, da tari, da kiɗan caca, da wani bawan Allah yana neman miya ba dare ba rana. A kan wannan tulin Fergus ya rufe ido ya ja "o-o-o" ɗinsa, jijiyar wuya a waje.

Bev ta fito daga kicin a fusace da kwanon miya. "Wa ke ta kirana? Na ji mana!"

Jama'a suka fara amsawa tare da akwatin. Duk sa'ad da wurin ya zagayo, mutum ɗari su ce, "Bev, ina miyar naman?" Tsohon mai tari ya miƙe ya rusuna wa jama'a, aka yi masa tafi. Tun da Fergus ya fara waƙa bai taɓa ganin zaure ya ɗauki amshi haka ba, sai dai ba nasa ba ne.

"Fergie!" in ji Wal. "Mai tarin nan ya fi ka bin kiɗa. Ka sa shi a ƙungiya!"

"Kai dai ka tsaya a kan tumaki, Wal."

"Su in sun yi kuka, ana gane abin da suke nufi."

Da ƙyar, garin danne-danne, abin ya goge, shi kansa bai san me ya taɓa ba. Ya daidaita hula, ya ce yanzu ne za a fara na gaske, ya buga sautin farko na "Ruwan Laraba". Glenda ta ɗago kai. Sai Bev ta hau dandali, ta kama maɓallin ƙarar akwatin ta murɗe shi ƙasa ƙurmus.

"Biyar da rabi. Nama."

"Anti Bev, ina tsakiyar waƙa!"

"Waƙa ba ta ruɓewa. Haƙarƙarin rago kuwa yana yi."

Aka gangaro da tire shida a kan keken abinci, an lulluɓe su da leda: haƙarƙari, cinya, tsiran naman sa. Zauren da ya ƙi yi wa Fergus shiru ya yi tsit, kowa ya baje tikitinsa a tebur kamar mai duba sakamakon asibiti.

Marika ta zo gefen dandali. Da gaske tausayinsa ta ji, don duk iya shegensa ta san abin da bikin nan yake nufi a wurinsa.

"Fergus, kayanmu na cikin mota. Minti biyar mun haɗa. Mu yi mata waƙar nan yadda ta ji ta, a wuce wurin."

Da mutum ne mai rabo, da nan ya ce to. Shi kuwa sai ya buga ƙafa a ƙasa don fushi, kuma ba ƙasa ya buga ba.

"Ni kaɗai na isa!" ya faɗa cikin raɗa mai zafi. "Garin nan ba kowa sai tumaki da masu kunnen tumaki. Ita ma Glendar me ta sani a waƙa?"

Ya sake buga ƙafa. Wata koriyar fitila ta kama a jikin akwatin tana ƙyaftawa. Duc ya gan ta daga teburin baya, ya ɗaga yatsa zai yi magana.

"Kai kuma kada in ji bakinka," in ji Fergus. Duc ya sauke yatsansa, ya ɗauki dankali.

Ƙuri'ar ta ja lokaci, domin mutum biyu sun tashi da shuɗin tikiti mai lamba iri ɗaya, sai da aka nemo tabarau aka gano ɗayan na makon jiya ne. Fergus na tsaye yana cizon leɓe, yana kallon Glenda tana kallon agogo. Ana miƙa tire na ƙarshe ya yi tsalle ya koma tsakiyar dandali. Bev ta ɗaga masa hannu tana girgiza kai. Ya ɗaga mata nasa, a zatonsa fatan alheri take yi masa.

Sai fitilun zauren suka dushe. Injinan caca suka yi shiru. Kujeru suka yi ƙara, mutum ɗari da wani abu suka miƙe tsaye gaba ɗaya, har masu sanda, suka juyo suka fuskanci dandali.

Ko yaron goye a Murrabil ya san mene ne wannan. Ƙarfe shida na kowace yamma, a kowane kulob irin wannan, ana rage wuta, a miƙe, a fuskanci yamma inda jar fitila take, a karanta kalmomin tunawa da waɗanda suka mutu a yaƙi, a yi shiru na minti guda. Ba a motsi, ba a magana, ko kofi ba a ajiyewa. Fergus ya yi wannan tsayuwar sau ɗaruruwa yana yaro. Amma shekara ashirin yana mafarkin ranar da zaure zai miƙe masa, ga shi zaure ya miƙe, an rage wuta, kowa na kallon wajensa. Bai tuna akwai fitila a saman kansa ba. Idonsa ya ciko da ƙwalla.

"Na gode, Murrabil," ya ce a hankali. Ya sunkuya ya murɗa maɓallin ƙara har ƙarshe, da ƙarfin da ya sa maɓallin ya ɓalle ya biyo hannunsa.

Tsoho Col ya buɗe baki zai fara karatu ke nan, akwatin ya riga shi.

"NI KAƊAI NA ISA! GARIN NAN BA KOWA SAI TUMAKI DA MASU KUNNEN TUMAKI. ITA MA GLENDAR ME TA SANI A WAƘA?"

Ɗan shiru. Sannan: "NI KAƊAI NA ISA!"

A nan ne Fergus ya waiga ya ga jar fitilar, ya ga allon sunaye. Ya taka abin takawa. Akwatin ya ɗauki muryarsa yana cewa "Wayyo, wayyo" ya ɗora a kai. Ya fizge wayar wuta daga bango. Batirin awa tara ya karɓi aiki ba tare da ko numfashi ba. Ya tuɓe rigarsa ya lulluɓe shi, ya zauna a kai, maganar ta ci gaba da fitowa daga ƙarƙashinsa.

Kuma ba wanda ya motsa. Abin da ya fi kashe shi ke nan. Da a wani wuri ne, da wani ya jefo takalmi an huta. A nan kuwa al'ada ta ɗaure kowa. Col ya ɗaga murya ya karanta kalmominsa ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda yake yi shekara talatin, bai tsallake ko guda ba. Wal Driscoll ya yi jajir, kafaɗunsa na rawa, hawaye na zuba, ba halin dariya. Maureen ta kafe idonta a kan allon, layi na uku, inda sunan yayanta yake.

Fergus ya rungumi akwatin ya ruga. Ƙofar fita tana can ƙarshen zaure, don haka sai da ya ratsa tsakiyar jama'a tebur bayan tebur, yana raba wa kowa zagin a kunnensa. Daidai gaban Glenda akwatin ya tambayi me ta sani a waƙa. Ya kauce ya faɗa banɗaki. Banɗakin kulob duk tayil ne, sai muryar ta dawo ninki biyu da amsa-kuwwa.

Minti guda ne, amma ya isa a haifi mutum a yaye shi.

Da fitilu suka dawo, Duc ya tashi ya shiga banɗakin. Ya ɗora yatsa ɗaya a kan wani ɗan maɓalli a bayan akwatin, ya riƙe, ya ƙirga uku. Tsit.

"Shafi na biyu," in ji shi.

Fergus ya fito ba hula, ba riga ta sama. Ba wanda ya yi dariya yanzu. Col ya dube shi sama da ƙasa.

"Ɗan Maureen ne wannan?"

"Shi ne," in ji Maureen. "Na duba ko an musanya mini a asibiti, ba a musanya ba. Fergus, ba wa mutane haƙuri."

"Matsalar na'ura ce..."

"Na'urar ce ta ce muna da kunnen tumaki?" in ji Bev.

Ya ba da haƙuri, da murya irin ta ɗan aji uku. Sannan, da yake shi ne, ya juya wajen Glenda. "Amma dai kin ga ƙarfin abin. Ki yi tunaninsa a babban dandali."

Glenda ta zaro wata takarda daga littafinta ta nuna masa. Takardar gayyatar bikin ce, da sunansa a sama, na Marika da Duc a ƙasa, ta riga ta sa hannu.

"Tun ranar Alhamis na cike ta," in ji ta. "Na zo ne kawai in ga ku uku a tsaye in miƙa muku. Ko rabin waƙar kuka yi ya wadatar." Ta cire murfin biro. "Ban san komai a waƙa ba, amma bari in gwada tambaya ɗaya. Wa ya rubuta 'Ruwan Laraba'?"

Fergus ya buɗe baki. Mahaifiyarsa ta kalle shi. Ya rufe.

"Ni ce," in ji Marika.

"Kina iya rera ta?"

"In an cire 'o-o-o', har ta fi sauƙi."

Glenda ta ja layi ɗaya a kan sunan da ke sama. Biron bai yi wata ƙara ba, amma Fergus ya ji shi har cikin haƙoransa. Yammacin nan Marika da Duc suka yi waƙar su biyu, Col ya buga sanda a ƙasa yana bin kiɗa, Fergus kuma ya taya su shigo da ganguna daga mota, tunda makullin na hannunsa.

A watan Maris su biyun suka hau dandalin tsaunuka. Fergus na Melbourne, ya koma shi kaɗai karo na shida. In ka same shi a mashaya zai gaya maka cewa a wasansa na ƙarshe duk zauren miƙewa aka yi tsaye, ba wanda ya ko yi tari har ya gama. Kuma ba ƙarya ya yi ba.

Akwatin kuwa Maureen ce ta riƙe shi. Fararen aku sun daɗe suna cinye mata 'ya'yan itacen bayan gida, sai ta rataye shi a reshe, ta ja masa wuta daga gida, ta kunna. Mako biyu ba tsuntsun da ya sauka. A mako na uku suka saba, kuma ka san halin aku.

Ranar bikin, da rana tsaka, ta buga masa waya.

"Ɗan nan, ka tuna rantsuwar da ka yi mini a tashar bas? To ta cika. Kana iya dawowa."

Ta miƙa wayar waje ta taga. Daga kan itacen, da kan wayar lantarki, da rufin kulob can ƙasan titi, Fergus ya ji muryarsa a bakin tsuntsu talatin, kowanne yana ƙoƙarin danne ɗan'uwansa:

"Ni kaɗai na isa! Ni kaɗai na isa!"